Baffa Brizio, Mai Tambayar Wa Ya Gani

A garinmu ba mai kiran Baffana da sunansa sai a gaban idonsa. A gabansa Brizio ne. Da ya ba da baya kuwa, sai ka ji ana cewa, "Ga Wa-ya-gani can ya wuce." Ya san da sunan, kuma bai taɓa nuna ya dame shi ba.

Ni ce Mimma, 'yar wansa, mai shagon kofi da ke fuskantar coci a bakin dandali. Kullum da safe kafin ya wuce gona sai ya shigo ya zauna a teburin da ke kusa da ƙofa, in kawo masa kofinsa baƙi ba sukari, ya jawo jaridar shago ya ɗora tabarau a kan hanci. Ba ya karatu da sauri. Da yatsa yake bin layi, in ya zo inda aka rubuta "masana sun tabbatar" ko "wata majiya mai tushe ta ce", sai yatsan ya tsaya.

"Mimma, wane masani ne wannan? Ba a raɗa masa suna ba?"

"Baffa, ni kofi nake sayarwa."

"To wa ya gani? Mai rubutun ya je wurin da ƙafarsa, ko a waya aka faɗa masa?"

Haka yake yi wa kowane labari, na zaɓe ne, na yaƙi ne, na sabon magani ne, har hasashen ruwan sama bai bari ba. Ba ya cewa ƙarya ne, kuma nan ne mutane ba su taɓa fahimtarsa ba. Tambaya kawai yake yi: wa ya gani, yaya aka yi ya gani, wa kuma ya biya masa kuɗin mota zuwa wurin.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Suna samari shi da babana Donato suka hau jirgin ƙasa zuwa Suwizalan, kamar rabin mazan garin nan a lokacin, suka sami aiki a wata masana'anta da ke yin kwanon rufi da bututun ruwa da siminti haɗe da wani ma'adini da ake kira asbesto. Farar ƙura ke tashi a wurin, tana kwanta musu a gira da gashin baki, har cikin burodin da suke ci da rana. Akwai likitan kamfani, mutum mai fara'a cikin farar riga, wanda ya ce musu ƙurar ba ta da wata illa, in ta dami mutum a maƙogwaro ya sha madara. Har madarar ake raba musu. Baffa ya yi 'yan shekaru ya dawo, saboda kakanmu ya tsufa kuma gona ba mai dubawa. Babana ya zauna, ya yi aure, a can aka haife ni. Da muka dawo gida da tari ya dawo. Ban gama firamare ba ya rasu, a zaune kan kujera, don kwanciya ta gagare shi. Mahaifiyata, wadda ita ke kakkaɓe masa kayan aiki kafin ta wanke, ba ta daɗe ba ta bi shi da irin tarin.

Baffa da matarsa, Inna Assunta, Allah bai ba su haihuwa ba, su suka riƙe ni. Ina budurwa jaridu suka fara cika da labarin cewa an daɗe da sanin abin da ƙurar nan take yi wa huhu. Na tuna Baffa ya ninke jaridar ranar ya ce, "Bakin da ya ce mana lafiya lau, shi ne yau yake mana ta'aziyya." Daga nan ne tambayar ta kama bakinsa.

Gonarsa tana bayan gari kan hanyar teku, jar ƙasa cikin katangar duwatsu, gadon kakanni. Ba wanda ya san wanda ya dasa zaitunan cikinta. Babbar cikinsu muna ce mata Kaka, mutum uku ba sa iya rungume ta, cikinta kogo ne da nake shiga in ɓuya in na yi laifi. In lokacin girbi ya yi sai mu shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwan, mu yini muna tsince, da yamma a kai injin matsa. Man farko kore shar yake fitowa, yana ɗan ƙona maƙogwaro. Baffa kan zuba shi a kan gasasshen burodi, ya barbaɗa gishiri, ya ci a tsaye bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa shi ne murnarsa ta shekara.

Shekarar da abin ya fara, daga wajen garin Gallipoli muka soma jin cewa zaituna suna bushewa. Reshe ɗaya zai yi ja kamar an babbaka shi, sai na kusa da shi, sai kan itacen gaba ɗaya. Talabijin ɗin shagona ta kama zancen. Yau a ce ƙwayar cuta ce da ta shigo cikin dashen da aka kawo daga hayin teku, ɗan ƙwaron nan mai barin kumfa kamar tofin yawu a jikin ciyawa shi ke yawo da ita daga itace zuwa itace. Gobe wani ya fito ya ce sakaci ne, mutane sun daina nome gonaki, sun cika ƙasa da maganin kashe ciyawa. Sai kuma umarni ya fito cewa a sare duk itacen da ya kamu, a wasu wuraren har da lafiyayyun da ke kewaye da shi.

Magajin gari ya kira taro. Wadda aka turo ta yi mana bayani 'yar garin nan ce, Loredana, 'yar mai kantin magani, malamar gona da ta yi karatu a birnin Bari. Ta zo da hotuna, ta yi magana a natse. Da ta gama Baffa ya miƙe, hularsa a hannu.

"'Yata, na san babanki, ba maƙaryaci ba ne. Tambayata ɗaya. Kun sami ƙwayar nan cikin itacen da ya bushe, na ji. Ni ma in na fasa busasshen itace ina samun tururuwa a ciki, ban taɓa cewa tururuwa ce ta kashe shi ba. Kun ɗauki lafiyayyen itace, kun sa masa ƙwayar da hannunku, kun zauna kun ga ya mutu?"

"Ana kan yi, Baba Brizio. Zaitun ba ya gaggawa. Sai an jira shekara, ƙila fiye."

"Wato ba ku gani ba tukuna."

"Ba mu gani ba tukuna. Amma duk alamun da muke da su..."

Ba a bar ta ta ƙarasa ba. Ɗakin ya kaure da tafi da buga kujeru, wani daga baya yana cewa ta koma ta gaya wa iyayen gidanta. Pantaleo, tsohon direban tarakta, aminin Baffa tun suna yara, wanda tare suka sha ƙurar Suwizalan, ya tsallako kujeru ya rungume shi kamar ya ci ƙwallo.

Da muka zo ƙofar gida Baffa ya juyo ya dube ni.

"Yarinyar nan gaskiya ta faɗa, shi ya sa suka cinye ta," ya ce. "Da ta yi ƙarya ta ce e, mun gani, da kowa ya kama bakinsa."

Pantaleo ya kafa kwamitin kare zaituna, Baffa ya shiga. In aka ji masu zarton inji za su zo wata gona, sai a taru a zauna a gindin itatuwa, mata da tsofaffi, wasu matasa su hau sama. Baffa ya je sau da yawa da gorar ruwansa, don shi a ganinsa ba a sare itacen da ya girmi cocin gari a kan "ana kan yi". Har ta kai kotu ta dakatar da saran na wani lokaci, aka kuma ce ana binciken masu binciken su kansu. Ranar Pantaleo ya saya wa kowa kofi a shagona.

Amma labarin kwamiti ya fara canja launi. Da farko cewa suke a nuna mana hujja. Sannu a hankali sai ya zama su ma suna da nasu labarin, wanda ba a yi masa tambaya. Wata Lahadi bayan coci suna karta a teburin ciki, su huɗun da suka saba, Pantaleo ya ajiye wayarsa a gaban Baffa.

"Kalli nan. Mutumin nan ya tona komai. Da gangan aka kawo cutar, cikin akwati. Wani kamfanin ƙetare ne, so suke mu sare namu mu sayi irinsu, masu otal-otal kuma su kwashe filayen bakin teku a banza. Ranar Asabar akwai gangami a birnin Lecce, kai za ka hau ka faɗa musu, kai suke jin maganarka."

Baffa ya sa tabarau ya kalli bidiyon tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko'ina ba.

"Wane ne shi?"

"Farfesa ne."

"Farfesan me?"

"Ina ruwanka? Farfesa dai."

"To akwatin fa, wa ya gan shi? Shi ya gani, ko wani ya ce masa wani ya gani?"

Pantaleo ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne, dariyar ta ɗauke.

"Kai Brizio, mu ma za ka yi wa?"

"Tambayar ba ta da dangi, Pantaleo. Na yi wa 'yar mai kantin magani kuka tafa min. Ita dai ta ce ba ta gani ba. Wannan naka ko hakan bai ce ba."

"Lallai. Nawa suka ba ka?"

"Ka san abin da ke aljihuna, kai ke cinye shi a karta."

Wasu suka yi dariya, ni ma na ɗauka maganar za ta tsaya nan. Sai Pantaleo ya tashi tsaye, fuskarsa ta yi ja.

"Donato yana kwance a maƙabarta saboda masu farar riga, kai kana nan kana musu lauya. Ka ji kunya."

Baffa ya dubi wajen da nake tsaye da tire a hannu, sannan ya kife katinsa a kan tebur a hankali, ya ɗauki hularsa ya fita. Tun ranar bai sake zama a teburin ciki ba.

Sai ya zama ba shi nan ba shi can. 'Yan kwamiti in sun gan shi tafe sai su tsallaka titi, an ce an saye shi. Waɗanda suka yarda da maganar hukuma kuwa cewa suke shi ya hure wa gari kunne a taron nan, shi ya sa aka ɓata lokaci. Yakan zo da safe kamar kullum, ya karanta jaridarsa, amma tambayar da ƙasa-ƙasa yake yin ta, ni kaɗai ke ji.

Cutar ta iso gonarsa ta gefen kudu. Ya yi mata abin da ya ga ubansa yana yi wa itace marar lafiya. Ya datse busassun rassa ya ƙona, ya shafe gindin itatuwa da farar ƙasa, ya fesa maganin ruwan tagulla, ya nome gonar fes har ba ciyawa ko ɗaya. Da bazara ta zo sai ga sabon toho ya fito kore shar. Ya zo shago ya kamo hannuna kamar ina yarinya, wai sai na rufe na je na gani. Na je. Rabona da ganinsa yana dariya haka tun kafin taro. Amma da zafi ya kankama, tohon nan ya yi ja daga baki, ya nannaɗe, ya bushe a jikin reshe bai ko faɗo ba.

A wannan lokacin ne Loredana ta zo gonar, ba da motar aiki ba, a kan kekenta. Ina wurin na kawo masa abincin rana, wake da ganyen ɗaci. Ya shimfiɗa mata buhu a kan katanga, ya raba abincin biyu.

"Baba Brizio, akwai wani irin zaitun da muka lura yana jure cutar. A gonakin da komai ya bushe, shi yana nan kore. In aka datse kan tsofaffin nan aka yi musu aure da shi, tun gangar jikinsu na da rai, ƙila su tsira."

"Ƙila."

"Ƙila. Ba zan ce maka tabbas ba."

"An yi wa tsohon itace irin Kaka an ga ya rayu?"

"An fara yi. Ba a daɗe ba, ba za a iya cewa komai ba tukuna. Amma da gonata ce, da na yi a bana."

Baffa ya daɗe yana kallon Kaka, wadda a lokacin gefe ɗaya ne kawai ya taɓu.

"Kin san abin da kike cewa? In hau da zarto in fille mata kai da hannuna. In maganarki ta zama daidai, to. In ba ta zama ba fa? Cuta ba ta kashe ta ba, ni na kashe ta."

"In ka jira kuma, ƙila ba a sami abin da za a yi wa auren ba."

"Wani ƙilan ke nan."

Ta yi murmushi, irin na wanda ya gaji. Ta ce haka ne, ƙila biyu ne, sai dai ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Ya ce in an gama gwajin nan da ta ce ana yi, ta zo ta kai shi ya gani da idonsa. Ta yi masa alkawari.

Inna Assunta ta roƙe shi a gida. Ta ce ya yi wa rabi ya bar rabi, ai ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu, amma ba a kuma tsayawa a bakin rafi har a mutu da ƙishi. Ni ma na sa baki. Ya ce mana mu ba mu ga likitan nan ba, yadda yake murmushi yana miƙa musu madara. Inna ta ce, "Yarinyar nan ba likitan ba ce, Brizio." Ya ce ya sani. Ya sani, amma hannunsa ba zai iya ba.

Damina biyu suka wuce kafin Loredana ta cika alkawari. Ta zo da mota ta ɗauke mu ni da shi, ta kai mu wata rumfa da aka kewaye da raga mai ƙananan ido, yadda ko ɗan ƙwaro ba ya shiga. A ciki dashen zaitun ne jere cikin tukwane, duk iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Layin dama an sa musu ƙwayar da allura, layin hagu ba a sa ba. Na hagu suna tsaye kore. Na dama sun yi ja sun bushe, irin bushewar da muka sani.

Baffa ya bi layin nan tukunya tukunya. Ya sa yatsa cikin ƙasa ya ji damshinta a dama, ya ji a hagu. Ya tambayi saurayin da ke ba su ruwa ko akwai ranar da ya taɓa mantawa da wani layi. Ya tambayi wa ya zaɓi waɗanda za a yi wa allurar, ko raunanan aka ware. Duk aka amsa masa. Daga nan ya tsaya tsakanin layukan biyu, ya cire hularsa.

"Na gani," ya ce.

Loredana ba ta ce ai na faɗa maka ba. Kanta ta sunkuyar.

A mota muna dawowa ya tambaye ta yaushe ne lokacin yin auren. Ta ce da bazara, in ruwan itace ya motsa. Daga yadda ta ƙanƙame sitiyari na gane tana ganin an makara.

Da bazarar ya hau da zarto, yana da shekara saba'in da ɗoriya, ya ƙi yarda wani ya yi masa. Ya datse kawunan itatuwan, ya tsaga ɓawo ya cusa 'yan rassan sabon irin, ya ɗaure, ya shafe. A mafi yawansu ɓawon ya ƙi ɗagowa, ya manne da itace kamar busasshiyar fata. A jikin Kaka ya sami wuri ɗaya mai ɗanye ta gefen arewa, ya jera rassa a nan. Wasu suka tsiro, suka fitar da ganye kamar kunnen ɓera. Kullum yana can yana musu inuwa da tsumma. Kafin ƙarshen zafi duk suka mutu.

Bayan an dawo daga rumfar nan da 'yan kwanaki ya je gidan Pantaleo. Ban raka shi ba, Rosaria matar Pantaleo ce ta ba ni labari. Ta ce ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Pantaleo, na je na gani da idona. Ƙwayar ce. Zo in kai ka." Pantaleo, wanda tasa gonar ta riga ta zama toka-toka gaba ɗaya, ya amsa daga ciki cewa wanda ya iya kawo cuta cikin akwati ai shirya rumfa ba zai gagare shi ba. Baffa ya ce to ko don Rosaria ya zo su sha kofi, a bar maganar itace. Pantaleo ya ce mata ta rufe ƙofa, iska na shigowa. Shekarar da ta biyo baya shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana ta ɗauke, bai yi wata biyu ba ya rasu. A jana'iza Baffa ya tsaya can baya, bayan mata. 'Yan kwamiti ne suka ɗauki akwatin.

Yanzu duk inda ka duba daga bayan gari har teku itatuwa ne tsaye ba ganye, launin toka, mutane sun watsar da gonakin, ciyawa ta kai ƙugu. Wata rana da azahar cikin tsakiyar zafi wuta ta tashi daga wajen babban titi, iskar kudu ta koro ta. Gonar Baffa a nome take, amma tartsatsi ba ya neman izini. Ya faɗa cikin kogon Kaka. Tsohon zaitun daga ciki yake ci, ba ka ganin harshen wuta sai hayaƙi na fita ta ramuka. Masu kashe gobara suka zuba ruwa suka tafi wani wurin, washegari ta sake kamawa. Baffa ya ɗauki kujera ya zauna a bakin katanga har ta rufta.

Bayan wannan ya daina zuwa gona. Yakan zo shago dai, amma jaridar sai ya bar ta a ninke. Wata safiya babu kowa sai mu biyu, na zauna kusa da shi na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya, ko yana da-na-sani.

Ya juya kofin a kan faranti.

"Kullum ina lissafa abin. Tambayar da na yi a taro, daidai ce. Wadda na yi wa Pantaleo, ita ma daidai ce. Ko yau aka sake, zan yi su." Ya ture kofin gefe. "Babanki ya yarda da wuri, ya mutu. Ni na yarda a makare. Na iya tambaya, Mimma, amma ban iya sanin ranar da mutum zai daina jiran amsa ya ɗauki zarto ba. Assunta ta sani. Ita da ba ta karanta jarida."

"Ko da ka yi a lokacin, ba tabbas za su rayu. Loredana ma ta faɗa."

"Ta faɗa. Shi ne abin da ke hana ni barci, da kuma abin da ke sa ni barcin."

Ban gane ba a lokacin, ban kuma tambaya ba, don wasu sun shigo.

Ya ƙara shekara biyu. Ba wata babbar cuta, ƙarfi ne kawai ya yi ta zarewa, ƙafa ta ƙi, abinci ya ƙi. Loredana takan leƙo ta gaishe shi in ta zo wajen babanta, ya yi ta tambayarta labarin sababbin dashen da ake yi a arewacin jiha, ta amsa masa da ƙila ɗinta, shi kuma ya gyaɗa kai. Ya rasu a watan Nuwamba, da hantsi, Inna Assunta na riƙe da hannunsa. A da a irin wannan watan ba ka samun kowa a gari da rana, duk ana gona. Wannan karon kowa na nan, cocin ya cika.

A al'adarmu gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke kawo abinci. Da muka dawo daga maƙabarta muna zaune a kicin ni da Inna, sai aka ƙwanƙwasa. Rosaria ce, cikin baƙaƙen kayanta, ɗauke da tukunya a naɗe cikin tawul. Rabon da ta taka gidan nan tun ranar kartar. Inna ta tashi, suka rungumi juna a bakin ƙofa.

Ta ajiye tukunyar a kan tebur, romon kaza ne da 'yar taliya. Ta ciro burodi daga jaka, sannan wata kwalbar man zaitun mai takarda a jiki.

"Ku yi haƙuri da man," ta ce. "Na kanti ne. Wai daga ƙasar Sifen."

"Mu ma shi muke ci," in ji Inna. "Zauna, Rosaria, ƙafarki na kumbura."

Na ɗauko faranti uku. Rosaria ta zuba, Inna ta yanka burodin. Muka ci.